Kwabo Mai Jan Ɗigo

Akwai wani labari da kuke bayarwa a kaina, ku 'ya'yana, wanda na gaji da jinsa. Duk sallah in kun taru a tsakar gidan nan sai wani ya ɗauko shi: yadda Inna ta shiga jirgi da kumburarriyar gwiwa, ta tsallaka ruwa, ta ƙwato jariri Sani daga hannun wata tsohuwa a tunga ana saura kwana biyu suna. Ku yi ta dariya kuna kwaikwayon muryata, wanda bai je wurin ba ma ya fi kowa iya bayarwa. Ni kuwa in sunkuyar da kai ina tsinkar zogale, ku ce ai Inna ba ta son yabo. Wa ya gaya muku ba na son yabo? Ina sonsa ƙwarai, shi ya sa na bar ku shekara huɗu da rabin labari, rabin da ya yi mini kyau. Tun da na fara rubuta muku rayuwata sau uku ina zuwa nan ina kewayewa. Na rubuta aurena, na rubuta aikin hajjina, har rigimar filin Babanku na rubuta, wadda ba wanda ya tambaye ni. Yau dai zan rubuta wannan, in ya so ku rage dariyar.

Sai na fara da kwabbai, don ba a gane maganar sai da su. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina karɓar haihuwa a Yelwa, ina kuma bin tungogi, ƙananan ƙauyukan bakin ruwa, da akwatin allurar rigakafi. Matan ƙasar nan suna da tsoron cibi tun kafin a haife ni. Ba wadda ke son ɗanta ya tashi da cibiya a turo, abokai su sa shi gaba wurin wanka a gulbi. Maganin da suka gada shi ne a sami kwabo babba mai nauyi, mai huji a tsakiya, a kifa a kan cibiyar jariri, a ɗaure da tsumma tamau, wai ya danne ta. Wasu kan jira ta warke, wasu ba sa jira. Kwabon da ya bi hannun mahauci da mai kifi da mai goro, shi ake rufewa a kan ɗanyen ciwo, ga gumi, ga zafin gashin cibiya. Ba zan rubuta muku abin da na gani dalla-dalla ba. Akwai dai yaran da aka kawo mini a makare, na mayar wa uwayensu su a naɗe cikin zane.

Don haka duk cibin da na kwance na ga kwabo, ƙwacewa nake yi, in bi da faɗa. Har aka sa mini suna, Sista Kulu mai ƙwace kwabo, kuma ban ji haushin sunan ba. Da fari zubarwa nake yi, sai na lura ana bin bayana ana tsincewa. Na koma sa kowane cikin 'yar ambulan ɗin ƙwayar magani, in rubuta a baya: an ƙwace daga wance, tunga kaza, don in san gidan da zan koma dubawa. Wata rana da azahar, ba haihuwa ba kowa, na juye gwangwanin da nake tara su a tebur na wanke su da sabulu, na tsaya ina kallo. Ashe ba iri ɗaya ba ne. Wani fari, wani ja, wani da tauraro mai tsini shida, wani da rubutun ajami a gefe, wani ya siɗe har sai ka karkata shi ga haske. Ga taro mai kusurwoyi da reshen auduga, ga sule mai bishiyar kwakwa. A nan ciwon ya kama ni, kuma har yau bai sake ni ba.

Da na ajiye aiki sai abin ya sami fili. Na sa kafinta ya yi mini akwati mai aljihuna takwas. In ruwa ya ja baya, tudun tsofaffin ƙauyukan da tafkin madatsar ruwa ya cinye suka leƙo, masunta kan tsinto tsaba a laka su kawo mini. Fulanin da ke kawo nono sun san ƙofata, fataken da ke gangarowa ta kogi daga arewa su ma haka. Na haɗa anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule, fataka, na haɗa na zamanin kobo, mai dalar gyaɗa da mai rijiyar mai, waɗanda jikokina ba su taɓa sayen ko alewa da su ba. Abin da na sha a bakin mutane kuwa ba a magana. Wasu suka ce Sista ta fara zarewa. Wasu suka ce ai akwai sinadari a ciki, Turawa za su zo su saya. Wani magidanci da gemunsa ya yi mini sallama yana tambaya ko ina da kwabon da ke jan shinkafa. Na ce ba ni da shi, amma ina da muciya, in yana son ya ga abin da take ja.

Babanku shi ne babban maƙiyin akwatin nan. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyaran injin jirgi, duk ƙarfe mai huji a idonsa washa ne, abin sa wa ƙusa. Wata damina na wanke kwabbai na shanya, na shiga salla, na fito ba su.

"Malam, ina kwabbaina da nib bari bisa tabarma?"

"Waɗanga masu huji? Suna bisa."

"Bisa ina?"

"Bisa kwanon kicin. Ƙusa ta samu abin kamawa, ruwa ya bar zuba maki ga tuwo. Godiya ya kamata ki yi, Kulu."

Kwana uku ban yi masa magana ba, shi kuma bai ma lura ba. A ƙarshe muka yi sulhu. Na ari jan farcen Ma'u, autarku, lokacin tana budurwa. Duk kwabon da nake da irinsa biyu sai in ɗiga masa ja a gefe. Mai jan ɗigo halal ne gare shi, ya buga a kwano ko a jirgi. Wanda ba ɗigo, in ya taɓa, sai dai mu haɗu gaban alƙali. Ku riƙe maganar ɗigon nan, za mu komo gare ta.

Abin da ya fi cin raina ba Babanku ba ne. Kuɗin ƙarfe sun ɓace daga kasuwa, yara sun tashi ba su san ƙararsu ba, amma tsoron cibi bai ɓace ba. To ina kwabbai suka taru? A ɗakina. Ni da na yi shekara talatin ina yaƙi da abin, sai ga shi na zama rumbunsa. Tsohuwa ta yi sallama, ta gaishe ni da gida da gajiya da gwiwa, ta yi ta kewaye-kewaye, can ta sassauta murya ta ce an yi haihuwa gidansu, ko Sista za ta ba da aron guda na kwana bakwai. Aro, kamar turmi. Ba wadda ta taɓa fita da shi. Ruwa nake ba su, in yi musu wa'azin da sai sun gwammace ba su zo ba, in raka su har zaure. Ina alfahari da wannan, kuna ji ina faɗa, akwatina gidan yari ne, abin da ya shiga ba ya komawa kan ɗan kowa.

Amma akwai abu ɗaya da ba ni da shi. A littafin hotunan kuɗi da wani likita ya ba ni ranar da na ajiye aiki, akwai anini guda da ya hana ni sakat. Aninin da kowa ya sani ina da su cike da kwalba. Wannan shi ne na fari, na alminiyam, ƙarfen tukunyar zamani, in ka ɗora shi a tafin hannu kamar ba ka ɗora komai ba. Ba a daɗe ana buga shi ba aka daina, don gumi da ruwa suna cinye shi, a ƙasar gulbi irin tamu kuwa ai sai labari. Shekara takwas ina nemansa. Na hau kabu-kabu zuwa Birnin Yauri, na je Shanga gidajen tsofaffi ina roƙon su zazzage mini kwalla. Na bar masa gurbi a aljihu na farko, ambulan fanko, kullum na buɗe akwati shi nake fara gani.

Inna Ige kun san ta, amma zan faɗa don jikokin da za su karanta. Gwaggon Haruna ce, mijin Ma'u, ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsa, don haka ita ce surukar gidan. Ita ce kuma ungozomar tungarsu, can ƙasar Ngaski, wurin da sai da jirgi ake zuwa. Doguwa, ba ta da yawan magana, in ta yi kuma ba ta maimaitawa. Mun san juna tun ina aiki, ambulan uku a akwatina sunanta ne a bayansu. Muna girmama juna irin na mutanen da aure ya haɗa bayan sun gama faɗa.

A shekarar da abin ya faru Ma'u tana da cikin Sani wata bakwai. 'Ya'yanta biyun farko nan ta haife su a gabana, wannan ma an shirya in wata ya kama za ta taho. Ranar kasuwar Yelwa sai ga Inna Ige da bandar kifi da albasa. Muka gaisa, ta sha fura, ta ce mai ciki lafiya lau. Da za ta tashi sai ta kwance bakin zanenta, ta warware wata tsohuwar auduga, ta miƙo mini.

"An ce kina biɗar wanga."

Na karɓa na duba. Shi ne. Fari fat, ba ko cizon tsatsa, tauraronsa a fili. Ta ce a kwallar uwarta ta same shi, cikin kayan da suka tsira da su lokacin da aka tashe su daga tsibirinsu na dā saboda tafki.

"Nawa za ni ba ki, Yaya?"

"Mi za ni yi da takarda? Ki ba ni kwabo babba, mai huji, irin na dauri. Wanga ba shi da nauyi, ba shi da wani amfani gare ni."

Ku karanta maganar nan da kyau. Ungozoma ce ke magana. Ta ce babba, ta ce mai huji, ta ce wancan ba shi da nauyi. Ko yarinyar da ta yi mako ɗaya a ɗakin haihuwa ta san abin da ake nufi. Ni kuwa ban tambaye ta me za ta yi da shi ba, kuma dalilin da ya sa ban tambaya ba shi ne na san amsa. In ta faɗa da bakinta, dole in hana, in na hana kuma ta naɗe audugarta ta tafi. Sai na shiga lallashin kaina. Na ce ai ciniki ne, ba aro ba. Na ce tsohuwa ce, ƙila ajiya za ta yi. Na ce Ma'u dai nan za ta haihu. Wannan na ƙarshe shi ya fi muni, don ma'anarsa ita ce in ɗan wata ne ba komai. Na buɗe gwangwanin da nake zuba wa Babanku nasa na zaɓo mata mai jan ɗigo, wanda ya fi kauri. Har da zaɓe. Na raka ta bakin titi muna raha, na dawo na cika gurbin nan, na yi kwana biyu ina fito da anini ina kallo kamar amarya da madubi.

Naƙuda ba ta jira shirinmu ba. Saura mako uku Ma'u ta taho, ta haihu a tunga, a hannun Inna Ige, namiji, lafiya lau. Haruna ya bugo waya yana murna. A lokacin gwiwata ta kumbura ko bayi da sanda nake zuwa, Babanku ya ce in bari sai ranar suna mu tafi tare. Na karɓi Ma'u a waya. Ta ce Inna Ige ce ke yi wa yaro wanka da gashi, ita ko taɓa shi ba a bari ta yi sai shan nono. Maganar ta zo mini har baki, in ce kwance shi yanzu ki duba ko akwai kwabo. Amma na san abin da za ta ce: Inna, ina za ta ga kwabo, ke kin kwashe na duniya? Daga nan sai wata tambayar ta biyo. Sai kawai na ce, ki dai kula da cibi. Ta ce to. Wannan shi ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko, don a lokacin ba anini a gabana, sunana kawai nake karewa.

Kwana na biyar da hantsi Ma'u ta kira tana kuka. Jikin yaro ya yi zafi, ya ƙi kama nono tun asuba. Daga nan labarinku ya fara, kuma ɓangaren nan gaskiya ne. Na ɗauki jaka, na hau kabu-kabu zuwa bakin ruwa, aka ɗaga ni aka sa a jirgi kamar buhun albasa. Na isa na tarar da rago a ɗaure, an rarraba goro, mata cike da tsakar gida suna surfe. Na wuce ɗaki ban ko amsa gaisuwa ba. Tun kafin in gama kwance tsumman warin ya gaya mini. Cibiya ta yi ja, ta yi ruwa, jan ya fara bin fatar ciki. A kanta ga kwabo. Na juya shi da yatsa, ga ɗigon jan farcen Ma'u a gefe.

Abin da ba ku sani ba shi ne abin da hannuna ya yi kafin bakina. Na dunƙule kwabon na tura aljihun rigata, da sauri irin na ɓarawon kasuwa. Sannan na fito tsakar gida da yaro a hannu na buɗe murya. Kun ce ba ku taɓa jin na yi faɗa irin na ranar ba, kun ɗauka tsoron rasa jika ne. Akwai tsoron, amma rabin ƙarar kunya ce. Inna Ige na tsaye bakin madafa da ludayi a hannu. Na kira ta jahila a gaban surukanta da jikokinta. Na ce shekara nawa ina hana ta. Na juya ga matan na faɗi maganar da har gobe in na tuna sai na ji ɗaci a bakina.

"Duk wadda tas sake ba matar ga ɗanta, ta tanadi likkafani."

Inna Ige ta dube ni, ta dubi aljihuna, ta mayar da ludayi cikin tukunya. Haruna ya roƙe ni in bari a yi suna jibi. Na ce ya yanka ragonsa ya ci, ni na tafi da ɗiyata da jikana. Haka aka raɗa wa Sani suna a tunga, shi yana gadon asibiti da allura a hannu, uwarsa mai jego na zaune a kan benci.

Kwana tara muka yi, Allah ya tashi kafaɗarsa. Ɗaukar da na yi masa daidai ce, ko yau zan sake, kada wani ya karanta wannan ya ce Sista ta sassauta a kan kwabo. Ban sassauta ba. Amma ku dubi abin da maganata ta bari a baya. Haruna ya yi shekara bai taka gidan nan ba. Ma'u ta koma ta zauna cikin mutanen da uwarta ta ci wa mutunci. Inna Ige kuwa, daga ranar ba wanda ya sake tashinta don haihuwa. Matar da ta karɓi haihuwar rabin tungar nan da hannunta, wadda ta san in ɗa ya zo a gicciye tun kafin mu da muka yi karatu mu gane, aka bar ta zaune. Rabon ungozoma na naman suna da hatsi ya daina shiga ɗakinta. Matan kuma ba asibiti suka koma ba, ruwan da ke tsakaninsu da asibiti bai ƙafe ba don na yi faɗa. Sun koma haihuwa hannun duk wadda ke kusa. Ni kuwa na wanke kwabon na jefa can ƙasan akwati ba ambulan, na zauna ina karɓar yabonku.

Bana bayan ƙaramar sallah sai ga ta da Sani, sun shigo kasuwa. Shekara huɗu rabon da mu haɗa ido. Ta rame, amma tsayin na nan. Yaro ya ruga wurin Babanku, ita ta zauna a tabarma ta ce in nuna mata aninin uwarta. Na fito da shi. Ta juya shi ta mayar mini.

"Kin riƙe shi da kyau. Ina wancan mai ja?"

Na ce wanne.

"Sista, idona bai mutu ba. Na ga sadda kinka sa shi aljihu."

Da ƙyar na ce, "To mi yah hana ki hwaɗi, Yaya? Ina zaginki gaban jama'a, kalma guda ta ishe ki."

"Ɗiyarki na aure gidanmu. In nic ce uwatta tab ba ni, da wane ido za ta dubi mutane? Da wane ido Haruna za shi dube ki? Ni tsohuwa ta, zagi ba ya kashe ni. Ni niɗ ɗaura, wanga nawa na. Ke kinka ba, wancan naki na. Kowa ya riƙe nashi."

Na fashe da kuka, abin da ban yi ba ko a asibiti. Na ce ta yafe mini, na tura mata aninin na ce ta ɗauki abinta. Ta ture shi da bayan hannu ta ce an yi ciniki, ba ta tashin ciniki. Ina cikin share hawaye Sani ya shigo ba riga, cibiyarsa a turo kamar kan yatsa, abin da zai koma da kansa in ya girma. Ta dube shi, ta girgiza kai.

"Da kin bar shi ya cika kwana bakwai, da ta kwanta."

Wallahi hawayena tsayawa suka yi. Na ce Yaya, yaron ga ya kusa mutuwa. Ta ce ta sani, ta bari, ba ta ƙara ɗaura ma kowa, amma dai da ta kwanta. Muka yi rabin sa'a muna musu, ni da littafi ita da shekaru, har Babanku ya leƙo ya ce ashe an shirya.

Mako na zagayowa na shiga jirgi na koma tungar. Na sa aka tara matan a tsakar gidan da na yi faɗan, na tsaya a inda na tsaya, na ce kwabon nan ni na ba da shi, da sanina, don kwaɗayin anini, kuma maganar likkafani na janye ta. Kun san abin da suka yi? Suka ce Allah sarki, Sista tana son ta rufa wa tsohuwa asiri, Allah ya saka mata da alheri. Na rantse, suka ƙara yabona. Wata har ta ce irin wannan hali sai masu ilimi. Na dawo gida kaina na ciwo. Na gaya wa yayanku Bello, ya ce Inna tsufa ya sa kin fara tausayi. Na gaya wa Ma'u, ta yi murmushi ta ce in bar tayar da abin da ya wuce. Na yi shekara huɗu ina ɓoye gaskiya, da na fito da ita ba mai karɓa. Mutum ɗaya ne ya yarda, shi ma don ƙusa.

"Na san mai ja guda ya ɓace," in ji Babanku, "don na yi niyyar sa shi ga ƙofar bayi. Na kuma ga ya komo yana warin magani. Ban tambaya ba, kwana ukunki na dauri sun ishe ni."

To ga shaida, ku tambaye shi tun yana da rai. Abin da na iya yi na yi. Na kai Inna Ige wurin masu koyar da ungozomomi wanke hannu da kula da cibi, ta zauna cikin 'yan mata sa'o'in jikokinta tana gyara wa malamar riƙon jariri. Mata biyu sun kira ta bana. Biyu, a inda dā ba a haihuwa sai da ita. Sauran ba su komo ba, kuma bakina ne ya kore su.

In na mutu ku yi yadda kuka ga dama da akwatin, na san Babanku zai rufe kicin biyu da shi in ya riga ku. Amma aljihu na farko na Sani ne, ku ba shi tare da wannan babi ranar da ya iya karatu. Abu biyu kawai na bari a ciki, su ne na ƙarshe da suka shigo hannuna, kuma tun daga su ban ƙara karɓar ko sisi daga kowa ba. Ɗaya aninin da na yi shekara takwas ina nema. Ɗayan kwabo ne da ba shi da wata daraja, ina da irinsa. Kuma daga yau kada in sake jin an kira matar nan jahila a gidana, ko da wasa, ko ranar sallah.

Jiya na sa wa mai jan ɗigon ambulan, kamar sauran. Na daɗe riƙe da biro, sannan na rubuta abin da nake rubutawa tun ina aiki: an ƙwace daga Sista Kulu, Yelwa.